Ranar da Na Yi wa Ladan Tafinta

Ina da shekara ashirin da shida, ina koyar da 'yan aji uku a wata makarantar firamare da ke tsakanin Nima da Maamobi, lokacin da wutar nan ta ratsa sararin Ankara, babban birnin Gana. Zamanin mulkin soja ne, shekarun da sabulu da sukari suka zama sai wane da wane. Mun ga abin da aka yi wa matan kasuwar Makola a kan farashin kaya, saboda haka kowa ya koyi magana da rabin baki.

Ni ban ga abin sosai ba. Ina tsakar gida ina tankaɗen garin masara, dab da magariba, sai wani haske kore-kore ya faɗo a kan bango kamar na mai walda. Kafin in ɗaga kai ya wuce, sai wani farin zaren hayaƙi da ya miƙe daga arewa zuwa wajen teku. Jim kaɗan muka ji ƙara sau biyu, irin ta ƙofar ƙarfe idan an buga ta daga nesa. Matan gidan suka kwashi 'ya'yansu suka faɗa ɗaki. Wani maƙwabcinmu ya kunna rediyo ya ji ko an sa kiɗan badujala na soja, domin a wancan lokaci da shi ake fara sanar da juyin mulki. Ba a sa ba. Wani shiri ne na manoman koko ake yi.

Mutumin da ya ga abin daga farko har ƙarshe shi ne ladanin masallacin lungunmu, wanda duk muke kira Baba. Mutumin Nijar ne, daga ƙasar Adar. Ya biyo shanu da ƙafa ya zo Gana tun ba a haife ni ba, ya zauna. Ɗakinsa shi ne na bakin ƙofa a gidan hayar da muke, kuma sana'arsa wankin hula. Masallacin ba shi da lasifika, don haka kullum sau biyar yakan taka tsani ya hau wani dandamalin katako da aka kafa a saman rufi ya yi kira. Hausarsa cikakkiya ce, ba irin tamu ta 'yan Zango ba, mu da za mu ce wa mace “ya zo” mu haɗa da yaren Ga da na Tuwi da Turanci a numfashi guda. Yakan gyara mini magana yana dariya, ya ce ticha guda amma ba ta san mace da namiji ba. Ranar da na haifi 'yata ta fari mijina yana kan hanya, domin direban babbar mota ne, Baba ne ya yi mata huɗuba a kunne.

Kwana uku ana ta jita-jita. Wasu suka ce jirgi ne ya kama da wuta. Wasu suka ce makami ne aka harbo daga wata ƙasa. Maganar da ta fi yawo a ɓoye ita ce, alama ce aka yi wa waɗanda suka gudu ƙetare suna shirin dawowa su ƙwace mulki. A rana ta huɗu motar soja ta tsaya a ƙofar makarantarmu. Suka ce za su yi bincike, suna son ɗaki mai ƙofa da tebur. Ajina ne kawai ke da duka biyun, sai na kwashi yarana muka koma gindin dogonyaro.

In faɗi gaskiya, bincike suka zo yi, ba duka ba. Shugabansu wani hafsa ne saurayi mai tabarau, ya shimfiɗa taswira a kan teburina, yana da ɗan kamfas a hannu. Duk wanda ya ga wutar sai ya shiga, a tambaye shi inda yake tsaye, daga ina ta fito, wane launi, ta daɗe kamar yaya, ya nuna da hannu, hafsan ya ja layi da fensir. Akwai wani saje mutumin arewa da ke fassara wa masu Hausa, da irin Hausar bariki. Mutane suna shiga da fargaba suna fitowa da murmushi. Kuma kusan kowa ya fito yakan ce ya gaya musu su tambayi ladan, shi ne ke sama.

Aka aika aka kira Baba. Ya zo da farar rigarsa, hannunsa da sauran shuɗin bula. Bai yi minti biyar a ciki ba sajen ya leƙo ya ce shi bai gane Hausar tsohon nan ba, akwai wanda zai iya? Hedimasta ya nuna ni.

Na ji daɗi. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata in amsa. Na gyara mayafina na shiga ajina kamar wadda aka kira karɓar lambar yabo, hafsan ya miƙe ya ba ni kujera. A unguwar nan mata nawa ne za su iya tsayawa gaban hafsan soja su yi Turanci? Ina so ya ga ba na in-ina, ba na tsayawa neman kalma.

Baba ya ba da labarin dalla-dalla. Ya ce ya sa yatsu a kunne ke nan, ya yi kabbara ta farko, sai wutar ta ɓullo ta bayan tankin ruwa, kanta kamar ƙwarya mai ci da wuta, da jela a bayanta. Ba ta yi ƙara ba. Da ta kai tsakiyar sama sai ta rabu uku, biyu suka mutu nan take, ɗayar ta ci gaba wajen teku. Ya ce sai da ya kai shahada ta biyu sannan ya ji ƙarar. Hafsan ya yi murna da wannan, har ya sa Baba ya maimaita kiran a hankali yana duba agogo, don ya auna tazarar da ke tsakanin haske da ƙara. Ya ce in gaya wa tsohon cewa duk cikin waɗanda ya tambaya babu wanda ya fi shi amfani.

An gama ke nan. Hafsan ya rufe alƙalaminsa, sai ya ce, kamar don hira kawai, in tambayi tsohon shi a ganinsa mene ne wannan abu.

Baba ya yi murmushi ya ce, “Tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba.”

Na fassara. Hafsan ya tambaya me ya sa ba alheri ba. Baba ya ce a garinsu ana cewa in an gan ta, ko dai a yi yunwa ko kuwa sarki ya faɗi, amma Allah ne masani. Ni kuwa don saurin da nake yi sai na taƙaita. Na zubar da “a garinmu ana cewa”, na zubar da “Allah ne masani”. Abin da ya isa kunnen hafsan shi ne: tsohon ya ce za a yi yunwa, ko mai mulki ya faɗi.

Na ga ya sake buɗe alƙalamin. Ya ce in tambaye shi wa ya gaya masa haka.

“Manya suka faɗa mana,” in ji Baba.

Na san abin da yake nufi. Iyaye da kakanni yake nufi, mutanen da. Amma kalmar da ta riga zuwa bakina ita ce wadda a Turancin Ankara ake kiran masu kuɗi da tsofaffin 'yan siyasa da ita, mutanen da sojoji suka ce su ne suka cinye ƙasa, waɗanda ake farauta a lokacin. Tana fita na ji ta. Na dubi sajen ko zai gyara, sai na ga yana kaɗa kai, domin a Hausar bariki manya su ne masu muƙami, bai san musu wata ma'ana ba.

Hafsan ya ce su wane ne manyan, ina suke. Baba ya ɗaga hannu ya nuna arewa, ya ce ai duk sun tafi, suna can gida. Kushewarsu yake nunawa. Na ce ya ce duk sun tafi, suna can ƙetare, tunda gidan nasa Nijar ne. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba, ban rage ba, amma na san yadda za a ji ta.

A nan ne nake da dama. Da na ce ranka ya daɗe, na yi kuskure, matattu yake nufi, karin magana ne na tsofaffi, ina jin da hafsan ya yi dariya ya sallame mu, domin ba mugun mutum ba ne a fuska. Na buɗe baki ma. Sai idona ya faɗa kan sojan da ke bakin ƙofa da bindiga, na tuna 'yata tana gida wajen maƙwabciya, na ce a raina in na juya magana yanzu za su ce rufa masa asiri nake, su haɗa da ni. Akwai kuma wani abu ƙasa da tsoron, wanda na daɗe ban yarda da shi ba: kunyar in ce na yi kuskure a gaban mutumin da ya ba ni kujera. Na yi shiru.

Ba su ja shi ba, ba su zage shi ba. Hafsan ya ce zai bi su ya amsa wasu 'yan tambayoyi. Na gaya wa Baba. Ya tambaya wa zai kira azahar, na ce za a samu. Ya ciro makullin ɗakinsa ya ba ni, ya ce akwai hulunan mutane a kan guma, katakon da yake ɗora su, suna shanya, in shigar da su kada ruwa ya sauko. Sajen ne ya kama hannunsa ya taimaka masa ya hau motar.

Kafin la'asar unguwa ta ɗauka. Duk wanda ya tare ni yana tambayar me ya faru, sai in ce abin da ya faɗa na faɗa. Wasu suka ce tsohon ma da surutu, wa ya aike shi yi wa soja karin magana. Na bar su suna faɗa. Liman da dattawan unguwa suka yi ta zirga-zirga zuwa barikin soja, ana cewa su dawo gobe. Baba yana da ɗan ɗan'uwa guda a Ankara, magidanci mai sayar da albasa, shi ne yake kai abinci, wani lokaci a karɓa wani lokaci a koro shi.

Na zauna na rubuta takarda da Turanci zuwa ga hafsan, na bayyana komai. Sau uku ina sake ta don ta fita da kyau. Ranar Asabar na sa ta a jaka na hau motar haya ta torotoro har ƙofar barikin. Na tarar da mata zaune a rana gefen titi, kowace da kwanon abinci a ɗaure, wata ta ce mini watanta biyu tana zuwa ba ta ga mijinta ba. Wani soja ya daka wa wata tsawa ya sa ta durƙusa a kan tsakuwa. Na tsaya kusan awa guda a inuwar wani kanti ina kallon ƙofar, sannan na tsallaka titi na hau motar komawa. Da na isa gida na cusa takardar cikin kurfoti na ɗora ruwan zafi a kai.

Bayan kamar mako guda aka yi sanarwa a rediyo. Aka ce rundunar soja ta kammala bincike: wani dutse ne daga sararin samaniya ya shigo iskar duniya ya kama da wuta, ragowarsa ta faɗa teku, ba jirgi ba ne, ba makami ba ne, jama'a su kwantar da hankalinsu. Har aka gode wa waɗanda suka ba da bayani. Na yi alwala na yi nafila, na share ɗakin Baba, na ce gobe yana gida. Bai zo ba. Ashe maganar tauraruwa daban, maganar manya daban, kuma ta biyun ta bar hannun hafsan mai tabarau ta koma hannun wasu mutanen da aikinsu ba jan layi a taswira ba ne. Sai da ya ƙara mako biyar kafin dattawa su samu a sake shi, bayan sun sa hannu cewa sun san shi shekara da shekaru.

Ɗan ɗan'uwansa ne ya kawo shi a tasi. An aske masa kai da gemu, askin da ba na wanzami ba. Ya rame, yana tafiya yana dafa bango, an cusa auduga a kunnensa na hagu. Bai taɓa ba kowa labarin abin da aka yi masa ba. In an tambaya sai ya ce an yi ta tambayarsa sunayen wasu mutane, shi kuwa bai san su ba.

Mutanen gida suka taru a tsakar gida yi masa barka. Ina can baya ina riƙe da makullinsa. Ya hango ni ya yafito ni da hannu, ya kama gefen mayafina, ya ce wa jama'a, “Wannan 'yar tawa ce ta tsaya mini. Ni ban ji Turanci ba, amma na ga yadda take ta yi musu bayani. Ba don ita ba, da Allah kaɗai ya san inda za su kai ni.”

Aka yi ta sa mini albarka. Wata tsohuwa ta rungume ni tana hawaye. Na ce amin, amin.

Kunnen bai warke ba. Da ya ɗan samu ƙarfi ya nemi komawa kiran salla, amma da ya taka tsani sai jiri ya ɗebe shi, sai da aka riƙe shi. Ya gwada yi daga ƙasa. Muryar tana nan, sai dai ba ya jin kansa, sai ta riƙa karkacewa, yara suna dariya a lungu. Da kansa ya je wajen liman ya ce a ba wani. Ya koma wankin hularsa, yana zaune a bakin ƙofa daga safe zuwa yamma, in lokacin salla ya yi sai ka ga leɓensa yana motsi.

Na ɗauki alhakin karin kumallonsa. Kullum kafin in tafi makaranta sai na kai masa koko da ƙosai. Mutane suka ce kai, ticha akwai zumunci. Da mijina ya dawo daga wata tafiya na gaya masa gaskiya, shi kaɗai. Sai ya ce a bar kaza cikin gashinta, abin da Allah ya rubuta ya riga ya faru, in na tona yanzu tsohon zan ƙara wa ciwo, kuma ba mu da wurin zama a unguwar. Maganar ta yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata.

Duk da haka wata safiya na yi niyya. Na ajiye masa kokon na zauna a kan benci kusa da shi. Yana goge wata hula a kan guma da ɗan buroshi. Na faɗa masa komai, tun daga kujerar da aka ba ni, da abin da na zubar, da kalmar da na sa, da takardar da na ƙone. Na ce ya yafe mini. Ya ci gaba da gugarsa. Can ya juyo gaba ɗaya, ya kawo kunnensa na dama.

“Kin yi magana ne, 'yata?”

Ta hagunsa na zauna. Na san ta hagunsa na zauna tun kafin in fara, kuma ban ɗaga murya ba. Na ce ina tambaya ne ko yaji ya yi yawa a kokon. Ya ce a'a, daidai ne, Allah ya yi albarka.

Bayan damina ta gaba ya ce zai koma gida. Ya ce mutum in ya daina amfani a baƙon wuri gara ya je ya kwanta kusa da iyayensa. Ya raba gumakan hularsa ga wani mai sana'ar, ya ɗaure kayansa a buhu biyu. Na ɗauki ɗaya a ka har inda motar albasa take lodi za ta koma arewa. Aka ba shi wuri a gaba kusa da direba. Ya leƙo ta taga ya yi wa 'yata addu'a, ya ce mini in riƙe salla, in kuma dage da koyon Hausa. Shekara uku bayan haka direbobi suka kawo labarin rasuwarsa.

Na kai wajen shekara arba'in da haihuwa kafin in iya gaya wa wani daga dangin Baba. Mun riga mun bar gidan hayar mun koma unguwar Kokomlemle, mulki ya koma hannun farar hula, mutane sun fara ba da labarin abin da aka yi musu a wancan zamani ba tare da waiwaye ba. Wata ranar kasuwa na je rumfar ɗan ɗan'uwansa, wanda shi ma furfura ta fara cin gemunsa. Na ce ina da magana. Ya ba ni kujera, yana zaune yana ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau. Wannan karon na faɗa da ƙarfi, a cikin hayaniyar kasuwa, har mai rumfar kusa yana juyowa.

Bai daina aikinsa ba har na gama. Sannan ya ce mini shi ya je gida sau biyu kafin tsohon ya rasu. Ya ce a ƙauyen babu wanda bai san labarina ba. Baba bai taɓa gaya musu abin da aka yi masa a tsare ba, amma kullum yana ba su labarin 'yarsa ta Ankara mai Turanci da ta tsaya gaban sojoji saboda shi. Ya ce har yau akwai tsofaffin matan da ke sa ni a addu'a, ba su san ko fuskata ba.

Na tambaye shi ko zai gaya musu.

Ya ce ba zai gaya musu ba. Ya ce a duk abin da ya faru wannan ne kaɗai labari mai daɗi da tsohon ya koma gida da shi, shi ba zai je ya ƙwace shi daga hannun mamaci ba.

“To kai ka yafe mini?” na ce.

“Hajiya, ba kunnena ba ne,” ya ce. “Ki roƙi Allah.”

Wani mai saye ya zo yana taya buhu, ya tashi ya tafi wajensa. Na zauna kaɗan ina jira ko zai dawo ya ƙara wani abu. Cinikin ya yi tsawo. Na ɗauki kwandona na yi masa sallama, ya ɗaga mini hannu daga inda yake, na fita neman motar gida.